Buhun da Na Ce Ban Taɓa Gani Ba

Ranar Talata ta makon jiya aka yi ƙanƙara a Jos. Ina zaune a ƙofar ɗaki bayan azahar, sai iska ta juya, sama ta yi baƙi ƙirin ta gabas. Kafin in naɗe tabarma an fara jifan kwanon rufi kamar tifa tana zazzage tsakuwa. Ba ta daɗe ba. Da ta tsaya, tsakar gida ta yi fari fat, ganyen gwandar da ke bakin rijiya ya koma tsumma.

Tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a benci sai in tashi in koma zaure. In na fita bakin titi sai in ji kamar na manta wani abu a gida, in na dawo kuma ban san abin da na zo ɗauka ba. Asabe, matata, ta ce, "Malam, wai ƙuma ce ta shiga rigarka?" Na ce mata sanyi ne. Ba sanyi ba ne. Wata ƙanƙara ce da aka yi shekara talatin da wani abu da suka wuce ta dawo mini, tare da abin da na yi a bayanta.

Aikin kuza ne ya kawo mahaifina Jos. Da aikin ya mutu, ramukan da aka haƙa suka cika da ruwa suka zama kududdufai, sai ya samu fili a bakin ɗaya daga cikinsu, can bayan Titin Bauchi, ya kama lambu. Ni na gaje shi. Ƙasar wurin fara ce mai ƙyalli, ragowar wadda aka wanke kuza aka zubar, ba ta da kirki sai ka yi shekaru kana ɗura mata takin shanu da tokar bola. Lokacin ba mu da injin ban ruwa. Garwa biyu ce a sanda, ka sauka kududdufi ka hau, ka sauka ka hau, tun ruwan yana yanka ƙafa da sassafe har rana ta take.

A kasuwar kayan gwari da muke kai kaya akwai layi guda da ake kira layin masu lambu. Dokarsa ɗaya ce: abin da hannunka ya shuka shi za ka kasa. Masu sarin kayan da manyan motoci ke kawowa daga nesa suna can ƙarshen kasuwa. Ba ma raina su a fili, amma mun san ba ɗaya muke ba. Shaidar layinmu ita ce ƙasa. Ba a wanke karas ko dankali a gida. Da lakarsa za ka kawo shi, sai mai saye ya zaɓa sannan ka tsoma a bokiti a gabansa. Kowa ya san ƙasar kowa. Tawa fara ce, ta mutanen gindin dutse ja ce, ta 'yan fadama baƙa. Malam Ilu, sarkin layi, yakan murza dankali ɗaya da babban yatsa ya faɗa maka lambun da ya fito.

Wanda bai zauna a layin nan ba ba zai gane irin alfaharin da muke yi da ganye ba. Mutum zai yi rabin awa yana jera tumatir, ya ja da baya ya duba, ya dawo ya juya guda ɗaya don gefen da ya fi ja ya kalli hanya. Akwai mai goge koren tattasai da gefen rawaninsa. Akwai wanda in ka taɓa latas ɗinsa da hannu mai maiƙo sai ya fasa sayar maka. Ga tsiya tun safe. "Kai Sabo, wannan kabeji ne ko kan ɗan tsako?" "Naka fa, da tsutsa ta riga kwastoma ɗanɗanawa?"

Wadda ta fi kowa iya tsiyar ita ce maƙwabciyata, Ngo Garos. Rumfa ɗaya muke, tsohon buhu ne ya raba tsakaninmu, bayan rumfar kuma akwai lungu da muke jibge kwandunanmu tare. Ta girme ni da 'yan shekaru. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu da lambu a gindin dutse, can ta wajen Tina Junction, daga can take ɗauko kwando a ka. Karas ɗinta ba a magana. In ta karya guda sai ka ji ƙas, ruwa ya tsatso. Takan ɗaga shi sama ta ce, "Ku zo ku ga abin da ƙasa take ba wanda take so!" Ni ƙanena take kirana, in kuwa na ba ta haushi in koma Mai Farar Ƙasa.

Akwai kuma Oga Bulus, kukun wani otal, mai zuwa kowace safiya da a-kori-kura. Shekara da shekaru wajen Ngo yake tsayawa. Ni sai dai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Oga Sabo, yaya kasuwa?" ya wuce taku ɗaya ya kwashe nata. Ina murmushi, amma abin yana cina. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don kada in ɗora wa yunwa komai.

Shekarar da nake magana rani ya yi tsawo. Kududdufi ya ja baya har sai ka taka laka mai nisa kafin ka kai ga ruwa. Rana tana dukan duwatsu, su kuma suna mayar mana da zafin. Ranar da hadarin fari ya haɗu ina cikin lambu, na ajiye garwa ina ta hamdala. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso kafin ruwan. Sai na ji abu ya buge ni a ƙeya, na zaci wani ne ya jefe ni. Kafin in waiwaya ƙanƙara ta sauko gaba ɗaya, wata kamar gurjiya, wata kamar ƙwan zabo. Na kifa garwa a kaina na tsuguna, ƙarar ta kusa kurmantar da ni. Ta ƙarƙashin garwar ina kallon latas ɗina yana narkewa.

Da ta ɗauke na miƙe. Kabeji ya fashe kamar an sare shi da adda. Tumatir ya zube, ɗanye da nunanne, sun kwaɓe da laka. Karas kuwa, wanda saura mako uku a cire, babu ganye ko ɗaya a tsaye, kuma karas in ganyensa ya tafi ya daina girma ke nan.

Bayanta ruwa ya kama, ba ya ɗaukewa. Gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu. Muka yi gayya, yau lambun wannan gobe na wancan, muna yanke magudanai, muna tsince abin da zai tsintu kafin ya ruɓe. Ranar da aka zo nawa, Ngo ce ta fara isowa, ta ɗaure zani a gwiwa ta shiga laka da fartanya. Ta zo da tukunyar gwaten acca, muka zauna a gindin mangwaro mu goma sha wani abu muna sha da ludayi uku. Ta ce, "Ƙanena, wannan farar ƙasar taka ko ƙanƙara ba ta ji daɗin faɗowa a kanta ba." Aka yi dariya, har da ni.

A gida kuwa abu ya yi tsanani. Asabe tana da tsohon ciki, ga yara uku. Itace ya jiƙe, in ta hura wuta hayaƙi ya cika ɗaki, idon kowa ya yi ja. Da safe koko ba sukari. Da rana a jiƙa garin kwaki. Da yamma tuwon masara da miyar fasasshen kabeji, ba mai, ba daddawa, har yaran suka fara kau da kai in sun ji warinsa. Asabe takan ce ta ƙoshi ta tura wa yara kwanonta, ni kuma in yi kamar ban gani ba. Layinmu a kasuwa ya koma abin tausayi. Kowa ya kasa karas sirara kamar yatsun jariri, ba ganye, amma duk da haka ana jera su da kyau.

Wata safiya na bi ta ƙarshen kasuwa, na tarar ana sauke buhunan karas daga wata babbar mota. Inda suka fito ba a yi ƙanƙara ba. Manya-manya, wankakku, an yanke ganyen. Na tsaya ina kallo, sai tunanin ya zo mini cikakke, kamar dama yana jirana: bana kowa karas ɗinsa ba ganye. Abin da ya rage laka ce kawai, laka kuwa ina da ita.

Na sayar da akuyar Asabe na sari buhu ɗaya. Na sa wani mai baro ya fitar mini da shi ta hanyar da ba ta bi ta layinmu ba. Washegari bayan asuba na zauna a bakin kududdufi na kwaɓa farar laka a garwa, ina tsoma karas ɗaya bayan ɗaya, ina bajewa a kan ciyawa ya sha iska.

Da na kasa su, idon layi duka ya dawo kaina. Malam Ilu ya zo ya murza ɗaya, ya ga farar ƙasa, ya ce, "Ikon Allah. Sabo, ta ina ƙanƙara ta bi ta bar maka wannan?" Na ce akwai wani fegi da na kama a hayin kududdufi wanda ba ta kai ba. Ya ce Allah ya ƙara albarka. Oga Bulus ya iso, ya dubi na Ngo, ya dubi nawa, ya sosa kai ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, masu cin abincina ba su san an yi ƙanƙara ba." Ranar a gabana motarsa ta tsaya. Na kai nama gida. Asabe ta tambayi akuyarta, na ce na juya ta a kasuwa, ga shi har ta fara haihuwa.

Kwana uku Ngo ba ta ce komai ba. A na huɗu, da layi ya yi sauƙi, ta miƙo hannu ta ƙarƙashin buhun da ya raba mu ta ɗauki guda. Ta kankare lakar da farce. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, ko dubana ba ta yi ba.

"Ƙanena, karas da aka cire jiya yana da gashi a jikinsa, laka tana kama gashin. Wannan an aske shi tun kafin ya hau mota. Lakar a sama take zaune kamar hoda."

Na ce, "Ngo, hassada ce ko me?"

Ta ce, "Hassada? Ni da na shiga lakarka har gwiwa? Na san Asabe tana da ciki. Ka ƙarar da wannan buhun, kada ka sake sayo wani. Ban gani ba, ban ji ba."

Na sayo na biyu, na sayo na uku. Lokacin yunwar ta riga ta fita daga gidana. Abin da nake so shi ne motar Oga Bulus ta ci gaba da tsayawa a gabana.

Ranar buhu na huɗu aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rafin da ke tsakanin gidana da lambu ya cika, ba halin haye shi. Ina da ragowar laka a bokiti, sai na riga kowa zuwa kasuwa, na shiga lungun bayan rumfa na yi shafe-shafena a gurguje. Da na ji muryoyi na dunƙule buhun na cusa a ƙarƙashin kwando. Buhunan mota jan raga ne, da alamar dillali da baƙin fenti, ba mai lambun da yake amfani da irinsu. Kwandon da na cusa shi a ƙarƙashi na Ngo ne. Na daɗe ina gaya wa kaina sauri ne ya jawo. Nawa kwandunan suna nan a gefe, taku ɗaya.

A ranar ne kuma Ngo ta fara cire wani fegi nata da dutse ya kare daga ƙanƙara, wanda ta yi ta lallaɓawa har ya yi girma. Tun daga gindin dutse ta ɗauko shi a ka cikin ruwan nan. Kafin ta iso ruwa ya wanke shi tas, babu ɗigon jar ƙasa. Ta sauke tana ɗiga, haƙoranta suna haɗuwa, amma tana dariya. "Yau Bulus zai dawo gida," in ji ta.

Dama an fara ƙus-ƙus cewa wani yana shigo da kayan mota layi, don mai baron bai iya bakinsa ba, sai dai bai faɗi suna ba. Malam Ilu ya bi rumfa-rumfa yana ɗaga kwanduna. Ya fito daga lungunmu riƙe da jan buhu. Layi ya taru. Ga karas ɗin Ngo manya, wankakku. Ga nawa a gefe, kowanne da lakarsa.

Malam Ilu ya ce, "Garos, a ƙarƙashin kwandonki na same shi."

Ba ta dubi buhun ba. Ni ta duba. Ta ce, "Sabo, lungun nan mu biyu ne. Ka san buhun nan?"

Ban taɓa jin ta kira ni da sunana ba sai ranar. Ruwa yana ɗiga daga bakin rumfa cikin bokitina, ina jin kowane ɗigo. Na ce, "Ban taɓa ganinsa ba."

Ta ci gaba da kallona. Na sunkuya ina juya tumatir ɗin da ba ya bukatar juyi.

Malam Ilu mutum ne mai adalci gwargwado. Ya ce ta kwashe kayanta na yau, gobe za a tura mutum biyu su duba lambunta, in an ga inda ta cire shi ke nan. Ngo ta ce, "Shekara goma sha tara ina layin nan. In sai an je an leƙa lambuna kafin a yarda da ni, ku riƙe layinku." Ta mayar da karas ɗin cikin kwando ɗaya bayan ɗaya, ba sauri. Ni ne na saba taya ta ɗorawa a ka. Ranar ta durƙusa ta ɗora da kanta, ta shiga cikin ruwa.

Ba a tura kowa lambun ba. Tunda ba ta dawo ba, aka ce ai ga amsa nan. Daga ranar in za a yi wa sabon shiga gargaɗi sai a ce, "Kada ka yi mana irin ta Garos." Da kunnena na sha ji. Wani lokaci har kai nake gyaɗawa.

Ban sake sayen buhu ba, tsoro ya hana ni. Da karas ɗina ya koma irin na kowa, Oga Bulus ya koma wajen masu mota, bai ƙara tsayawa a layinmu ba. Na ji labari Ngo tana kasa kaya a bakin titi a Tina Junction, a ƙasa, inda motoci suke watsa wa mutum ruwa. Sau da yawa na yi niyyar zuwa. Sai in ce bari damina ta wuce. Sai in ce bari Asabe ta yi arba'in. Daga baya garin ya rikice, unguwanni suka rabu, na samu hujja mai kyau na riƙe ta. Aka zauna lafiya, ban saki hujjar ba. Malam Ilu ya rasu yana ganin Ngo ce mai buhun. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Ranar Asabar, kwana huɗu bayan ƙanƙarar bana, na gaya wa Asabe komai. Tana tankaɗe, ta ajiye rariya. Ta ce, "Matar da ta aiko mini da acca da na haihu?" Ban san ma ta aiko ba. Bayan abin da ya faru ne, ta hannun wata mai kayan miya. Asabe ta ce, "To me kake yi a nan? Ga hularka can."

Na hau keke napep zuwa Tina Junction. Wurin ya cika ya batse, shaguna, masu gasa masara, 'yan kwandasta suna ihu. Na yi ta tambaya har aka nuna mini wata mai sayar da dankali, aka ce 'yar Ngo ce. Ta kai ni wani gida a bayan coci. Ngo tana zaune a bakin ƙofa cikin rigar sanyi biyu, tana ɓare wake. Ta ƙanƙance, idonta ɗaya ya yi fari.

Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Na ce, "Ngo, Sabo ne."

Ta karkata kai. "Wane Sabo? Mai Farar Ƙasa? Ba ka mutu ba?"

"Ban mutu ba, Ngo."

"To. Yaya Asabe?"

Na ce tana gaishe ta. Sannan na faɗa mata: buhun nawa ne, ni na cusa shi, ni na yi ƙarya. Ba ta daina ɓare wakenta ba.

Ta ce, "Wannan ne labarin da ka hau keke ka kawo mini? Ai na san shi tun gemunka yana baƙi."

Na ce, "Me ya sa ba ki tona ni ba ranar?"

"Da na faɗa, da an ce ta ga za ta faɗi ta jawo maƙwabcinta. Naka ga laka, ni ruwa ya wanke shaidata. Kai kaɗai ne za ka faɗa a yarda. Na jira ka." Ta zuba ɓawon a kwano. "A nan gidan ba wanda ya taɓa ce mini mai ha'inci. Ba a nan aka ɓata sunana ba. Inda ka yar da shi, can za ka je ka ɗauko."

Ranar Litinin na ɗauki shatar keke na je na ɗauko ta, 'yarta tana riƙe da hannunta. Na shekara shida ban shiga kasuwar ba, tun da ƙafa ta hana ni lambu. Layin yana nan, an yi masa rufin kwano, an zuba siminti. Karas duk a wanke yake, a ɗaure cikin leda. Na tambayi wani ko daga lambunsa kayan suke, ya ce, "Baba, wane lambu? An gina gidaje a kai." Tsiyar dai ba ta mutu ba. Wata tana fesa wa latas ruwa da gorar roba mai hudajjen murfi, tana ce wa ta kusa da ita nata ya yi kama da tsumman goge mota.

Aka ba Ngo kujerar roba ta zauna a inda rumfarmu take a da. Na tsaya a tsakiyar hanya na cire hula na ce, "Jama'a, ku saurare ni." Mutum biyar ko shida suka juyo. Na ce wannan ita ce Ngo Garos, ta yi shekara goma sha tara a layin nan ba ta taɓa kasa abin da ba ita ta shuka ba. Na ce buhun da aka samu a ƙarƙashin kwandonta nawa ne.

Ngo ta ce, "Ban ji ba."

Na ɗaga murya na sake faɗa, tun daga farko, har da lakar.

"Kunnen nan ya tsufa. Ƙara."

Na faɗa karo na uku da iyakar ƙarfina, har muryata ta fashe, har mutanen layi na gaba suka leƙo. Wani ya ce, "Wane buhu kuma?" Wata ta ce, "Baba, matsa kaɗan, ka tare mini kwastoma." Sai wata mai dankali daga can ƙarshe, wadda ta fara furfura, ta taso tana goge hannu a zani. Ta tsaya a gaban Ngo ta ce, "Mama, ke ce Garos ɗin? Tun ina bin uwata kasuwa nake jin ana cewa kada a yi irin ta Garos. Ni ma na sha faɗa, ban san ko wace ce ba." Ta durƙusa ta gaishe ta. Ngo ta ce, "To yanzu kin gan ni. Ki gaya wa na kusa da ke."

A cikin keke muna komawa, hadari yana haɗuwa, na kasa haƙuri. Na ce, "Ngo, kin yafe mini?"

Ta gyara ɗankwali. Ta ce, "Kai shekara talatin da wani abu ka ɗauka kafin ka buɗe baki. Ni minti biyar za ka ba ni? Ka dawo Litinin mai zuwa. Zan yi tunani."

'Yarta ta ce, "Haba Mama."

Ngo ta ce, "Ke, ba da ke ake ba."

Yau Alhamis. Saura kwana huɗu. Ta haura tamanin, ni ma ba yaro ba ne, kuma na san abin da kwana huɗu ke iya yi wa irinmu. Na riga na gaya wa mai keken ya zo tun ƙarfe bakwai. Asabe ta ce ya yi sassafe, tsohuwa ba ta tashi ba lokacin. Na ce in ya so in jira a ƙofa.